Yadda ake haɗa wa yaro littafin labari mai zane da takarda uku

Littafin da yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas yake ɗauka da kansa, ba sai an ce masa ya je ya yi karatu ba, siffarsa ɗaya ce: hoto babba, magana kaɗan, da labarin da ke sa shi ƙagarar ganin abin da ke bayan shafi. Irinsa da Hausa ba ya da yawa a hannun yara a nan Damagaram, ko da yake tun 1973 aka fara gwada koyar da yara da Hausa a makarantar gwaji a garin nan. Uwa, yaya ko malamin aji na iya haɗa shi a gida cikin yini biyu, kuma ba a bukatar gwanin zane. Abin da ake nema shi ne littafin da yaron zai iya karantawa shi kaɗai har ƙarshe, duk sauran ƙa'idojin da ke ƙasa daga nan suka fito.

Kayan aiki

Farar takarda irin ta fotokofi, wadda ake kira A4, guda goma sha biyu: uku na gwaji, shida na zanen asali, sauran na ko-ta-kwana. Fensir da magogi. Baƙin bik guda biyu. Rula. Almakashi da reza sabuwa. Fensiran kala, idan akwai. Kwali mara kauri na bango, irin na sukari ko na shayi mai girma, ko tsohuwar kalanda. Basilla ko babbar allura, da zare mai ƙarfi kamar santimita 60. Zaren kitso yana yi sosai. Sikoc mai faɗi, irin wanda ake rufe kwali da shi. Sai abin liƙi: gam na kanti, ko ƙaro da aka jiƙa ya kwana, ko cokali ɗaya na garin rogo a cikin cokali biyar na ruwa a dafa a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi yauƙi. Na garin rogo ba ya wuce kwana biyu a lokacin zafi, kuma yana kiran kyankyaso, don haka a dama daidai bukata.

Abu biyu a bar su. Tawadar allo an yi ta ne don ta wanku, ɗigon ruwa ko yawun yaro zai kwashe zanen. Maka kuma, wato alƙalamin tawada mai kaurin baki, tana huda takardar fotokofi ta fito ta baya, ta ɓata shafin da ke bayanta.

1. Ku tsayar da wanda ake yi wa littafin

Yaro guda za ku sa a rai, ku san inda karatunsa ya tsaya. Wanda bai fara haɗa baƙi ba, ɗan shekara huɗu ko biyar, hoto ɗaya yake bukata a shafi da kalma uku zuwa biyar. Wanda ke CI ko CP, wato ajin farko ko na biyu na firamare, yana haɗa gaɓa da ƙyar, a ba shi gida biyu a shafi, wato a raba shafin gida biyu kowanne da hotonsa, kuma kowace magana kada ta wuce kalma shida. Ɗan shekara takwas da bakinsa ya fara sakuwa zai iya ɗaukar gida huɗu. Idan kuna shakka tsakanin mataki biyu, ku ɗauki na ƙasa. Littafin da ya yi wa yaro sauƙi zai karanta shi sau goma yana alfahari, wanda ya fi ƙarfinsa kuwa ƙarƙashin katifa zai ƙare.

2. Labarin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Babba idan ya zauna rubuta wa yaro labari, wa'azi ne yake fara zuwa masa: yaro mai ƙin aike ya gamu da wahala, ya tuba. Yaro yana jin wannan a gida da makarantar allo kullum, ba zai buɗe littafi don ya ƙara ji ba. Ku ba shi wani wanda yake neman wani abu, abin yana kuɓuce masa, har a ƙarshe ya samu ta hanyar da ba a zata ba.

Ga misali da za ku iya ɗauka ko ku sauya. Nana tana da jar akuya a gidansu a Birni. Da safe ta tarar igiya a ƙasa, ƙofa a buɗe. Ta fita nema. Ta tambayi ɗan ga-ruwa: "Baba, ka ga akuyata?" Ya ce: "A'a, ban gani ba." Ta tambayi mai ƙosai: "Inna, kin ga akuyata?" "A'a, ban gani ba." Haka ɗan kabu-kabu, haka baduku a bakin rumfarsa, har ta kai Kasuwar Dole. Amma a kowane hoto akwai wutsiyar akuya ko kunnenta yana leƙowa: bayan jarkokin ruwa, bayan dutse, ƙarƙashin teburin mai kayan miya. Nana ba ta gani, mai karatu yana gani. Ta komo gida tana kuka, sai ga akuya a kan tabarmarta tana cin kallabinta.

Ku lura da abin da wannan tsari yake yi. Jimla biyu ce take ta maimaituwa, saboda haka yaron da ya sha wahala a shafi na huɗu, kafin ya kai na takwas ya riga ya mallake ta, yana karantawa da gudu. Kalma ɗaya ko biyu kawai ke sauyawa, Baba ya koma Inna, ka ya koma kin, kuma wannan ɗan sauyin ne yake tilasta masa duban rubutun. Sannan ya san abin da Nana ba ta sani ba, za ku ji yana ihu yana nuna mata akuyar da yatsa.

Gatanar Gizo da Ƙoƙi ma tana yi, amma ku yanko guntu ɗaya daga ciki, don gatana cikakkiya ta fi shafi goma sha biyu. Hawan Salla a ƙofar fada, hawan ƙaho, wasan kara, tafiya garka a Mirriya, duk abubuwa ne da yaron garin nan zai gane daga kallo ɗaya.

Ku rubuta labarin duka a takarda guda, layi ɗaya ga kowane shafi. Ku ƙirga kalmomin. Ga mai fara karatu, littafin gaba ɗaya kada ya wuce kalma sittin zuwa tamanin. Ku zaɓi kalmomi masu gaɓa sassauƙa kamar gida, ruwa, dawo, tafi, ku rage irin su gwangwani da tsattsaura, waɗanda ke cike da baƙaƙe a jere. Duk abin da hoto zai nuna, a cire shi daga rubutu. Idan an zana Nana tana gudu, ba sai an rubuta tana gudu ba.

3. Littafin gwaji

Ku haɗa takarda uku, ku ninke su biyu tare. Kun sami shafi goma sha biyu. Kowace takarda shafi huɗu take bayarwa, shi ya sa littafi irin wannan yake zuwa 8, 12 ko 16, ba ya zuwa 10. Ku sa lamba a kowane shafi da fensir, sannan ku zana labarin da gaggawa, mutane kamar karan dawa, kai da'ira. Minti ashirin ya isa.

Shafukan dama su ne masu lamba mara, 1, 3, 5. A nan za ku ajiye tambaya ko abin da ke rataye zuciya, amsar ta faɗo bayan an juya. Igiya a ƙasa da Nana tana cewa "Ina akuyata?" shafi na 3 ne wurinsu. Nana tana shiga ɗaki da hawaye a shafi na 11, akuya da kallabi a baki a shafi na 12.

Yanzu ku kira yaron, ko wani sa'ansa idan kuna so littafin ya zama ba-zata, ku miƙa masa wannan gwajin ku yi shiru. Ku kalli inda ya tsaya, inda ya tsallake gida, inda ya tambaya wane ne wannan. Duk wurin da ya ruɗe, laifin shafin ne, a gyara shi tun yana fensir. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki don suna jin kunyar nuna zane mara kyau, sai sun gama zuba tawada da kala su gano yaron ya ɗauka ɗan ga-ruwa ne ya sace akuyar.

4. Jera shafuka

Ku warware littafin gwajin ku dubi lambobin. Za ku ga shafi na 1 yana zaune kusa da na 12. Haka za ku jera zanen asali, kowace fuska a takardarta, a kwance:

Takarda ta farko: gaba 12 da 1, baya 2 da 11.
Ta biyu: gaba 10 da 3, baya 4 da 9.
Ta uku: gaba 8 da 5, baya 6 da 7.

Lambar cika kullum tana hagu, kuma idan aka haɗa lambobin biyu sai su ba da 13. Idan ba su ba da 13 ba, an yi kuskure. Shafi na 6 da na 7 kaɗai ne suke maƙwabtaka a takarda ɗaya, don haka nan ne wurin babban hoto mai cin shafi biyu, kamar cikin kasuwa ranar Alhamis, inda yaro zai daɗe yana laluben akuya tsakanin buhuna.

Ku ja layi a tsakiyar kowace takarda, ku bar santimita ɗaya da rabi babu komai a kowane gefe da kuma kusa da layin tsakiya. Injin fotokofi ba ya kai wa bakin takarda, ɗinki kuma yana cin tsakiya.

5. Rubutu kafin zane

A kowane gida, rubutu ake fara yi, sannan a kewaye shi da da'irar magana, sannan a zana mutane a filin da ya rage. Wanda ya fara zana da'ira zai ƙare yana matse kalmomi suna ƙanƙancewa a ƙarshen layi. Ku ja layuka marasa nauyi da fensir da rula. Tsayin baƙi ya kai santimita ɗaya ga ƙananan yara, milimita shida ko bakwai ga manya. Ku yi rubutu rarrabe irin na bugun littafi, ƙananan baƙaƙe, babban baƙi a farkon jimla da suna kawai. Rubutun haɗe da ake koya a lakwal yana da wuyar karantawa ga mai farawa. Tsakanin kalma da kalma a bar faɗin yatsan yaro, kuma kada a raba kalma ɗaya a layi biyu.

Lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta fito sarai, ku ɗan ƙara mata girma ma, don fotokofi yana cinye siririn layi, ƙofa ta koma kofa. Yaron da ya fara da Faransanci zai yi tuntuɓe a wurare sanannu: zai karanta c kamar k ko s, u kuma zai tsuke baki. Ku taimaka masa da baki a karon farko, ba sai an rubuta bayani a littafin ba.

Wanda ya fara magana shi ke tsayawa a hagu, da'irarsa ta kasance sama da ta mai amsa a shafi, wutsiyar da'irar ta nufi bakinsa ba tare da ta taɓa shi ba. Da'ira biyu sun isa gida ɗaya. Akwai kuma abin da ya shafi yaranmu musamman: wanda ya saba da allo idonsa daga dama yake farawa, sai ya karanta amsa kafin tambaya. Maganinsa a littattafan farko shi ne a jera gidaje sama da ƙasa maimakon gefe da gefe, ko a sa ƙaramar lamba a kusurwar kowane gida. Wanda yake so ya yi littafin da ajami, sai ya juya komai: ɗinki a dama, mai fara magana a dama.

Kada ku yi rowar kalmomin amo. Mee! Tim! Tsulum! Fuu! Ku rubuta su manya a cikin hoton. Sau da yawa su ne kalmomin da yaro yake fara karantawa da kansa.

Aya ko sunan Allah kada su shiga wannan littafi. Zai kwana a ƙasa, za a taka shi, ƙane zai tauna shi.

6. Zane

Kafin ku taɓa takardun asali, ku zana Nana da akuyar a wata takarda sau biyar ko shida, har hannu ya saba. Ku ba kowa alama guda da ba ta sauyawa: kallabi mai ɗigo-ɗigo, baƙin kunne ɗaya, hula mai tsini. Da wannan alamar yaro yake gane mutum daga shafi zuwa shafi, ko da fuskar ta karkace. Gira da baki sun isa nuna hali: gira a sama mamaki, gira a haɗe fushi. Bayan hoto kuma abu ɗaya ko biyu ya wadatar. Zanko a kan soro ya ce Birni, laima da faranti sun ce kasuwa.

Idan hannu ya ƙi, akwai hanyoyi. A ɗora takarda a kan hoto a jingina da gilashin taga da rana, a bi layin. A yanko hotuna daga tsohuwar kalanda ko kwalin kaya a liƙa. A dangwala babban yatsa a tawada a buga, a ƙara masa ƙafafu da ido, ya zama akuya ko kaza. Ko a ba yayan yaron ɗan shekara goma sha biyu ya zana, yawanci sun fi manya sakin hannu. Hoton waya yana fitowa baƙi ƙirin a fotokofi, sai dai wanda aka ɗauka a fili da bango mai haske a baya.

Wasu gidaje ba sa son zanen abu mai rai. Idan littafin na yaran wani gida ne ko na aji, ku tambaya tukuna. Ana iya zana mutane ta baya ko ba tare da ido da baki ba, ko a yi labarin amalanke, tulu ko takalmin da ya ɓata.

Bayan fensir, ku bi layi da baƙin bik, ku maimaita layin jikin mutane sau biyu don ya yi kauri. Ku jira minti goma kafin ku goge fensir, in ba haka ba tawadar bik za ta shafe. Kada ku sa kala a zanen asali.

7. Fotokofi

Ku kai takardu shidan, ku ce gaba da baya kuke so, ku nuna wa mai injin wace fuska ke bayan wace. Ku sa ya fitar da takarda ɗaya tukuna, ku ninke ta a gabansa ku duba: shafi na 2 yana bayan na 1? Bai fito kai ƙasa ba? Sai ya ci gaba. Ku cire kwafin littafin aƙalla uku, don na farko ba ya daɗewa. Kala a kan kwafin ake sawa, kuma ya fi kyau a bar wa yaron wasu shafuka ya shafa da kansa bayan ya karanta su.

Inda babu fotokofi kusa, ko babu wuta, sai a zana kai tsaye a gaba da bayan takarda uku da bik da fensiran kala, hannu sama-sama don kada ya huda.

Zanen asali a ajiye shi tsakanin fararen takardu cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da laimar damina. Kwafin fotokofi kuwa kada a matse shi cikin leda a ɗaki mai zafi, tawadar injin tana mannewa a jikin ledar ta bar takarda.

8. Bango da ɗinki

Ku yanka kwali ya ɗara takardar da rabin santimita ta kowane gefe. Ku liƙa farar takarda a fuskar da ke da rubutun kamfani, ku danne da abu mai nauyi ya kwana a inuwa. A rana zai kanannaɗe. Ku ja layi a tsakiyarsa da bik ɗin da ya ƙare, kuna dannawa, sai ya ninku ba tare da ya karye ba. Kwali mai kauri irin na taliya ba ya yi, yana fashewa a gaɓa.

Ku jera takardun a cikin bangon, ku buɗe a shafi na 6 da 7, ku huda uku a kan layin ninki: ɗaya a tsakiya, ɗaya santimita huɗu daga sama, ɗaya santimita huɗu daga ƙasa. Ku shigar da allura daga waje ta hudar tsakiya, ku bar jelar zare kamar tsawon yatsa a waje. Daga ciki ku fita ta hudar sama. Ku bi bayan littafin har hudar ƙasa ku shiga. Ku sake fita ta tsakiya. Yanzu bakin zare biyu suna waje, dogon zaren yana tsakaninsu. Ku ja ya ɗame, ku ƙulla sau biyu a kansa, ku rufe bayan littafin da sikoc ko ƙyallen atamfa daga wurin tela. Ƙusar maƙala takarda ta fi sauri, amma tana tsatsa, tana buɗewa, tana yankar yatsa.

Shafukan tsakiya za su ɗan leƙo waje. Ku ɗora rula ku daidaita su da reza, a ja sau da yawa a hankali, kuma a yi wannan yara ba sa kusa. A bango ku rubuta sunan labarin da manyan baƙaƙe, ku zana hoto ɗaya, ku bar layin da yaron zai rubuta sunansa. Ku lulluɓe bangon da sikoc layi-layi saboda maiƙo da ƙurar hunturu.

9. Zaman karatu

Ku zauna gefe da gefe a tabarma, littafin a hannun yaron. Karon farko ku bi hotuna kawai, kuna tambayarsa me yake gani, me yake tsammanin zai faru. Karo na biyu ku karanta masa, yatsanku yana bin ƙarƙashin kalmomi, ku sauya murya ga kowane mai magana. Karo na uku ku raba: ku ne Nana, shi ne masu cewa "A'a, ban gani ba." Daga nan sai ku musanya. Idan ya cije a kalma, ku ƙirga biyar a zuci kafin ku taimaka, kuma ku ba shi gaɓar farko kawai. Minti goma a rana ya isa, a tashi tun bai gaji ba. Tsawa ko bulala a kan wannan littafi tana kashe aikin duka.

Yaranmu suna da saurin hadda, cikin kwana uku zai iya rera littafin duka idonsa a sama. Wannan ba laifi ba ne, amma ku gwada ko yana karantawa: ku yanka guntayen kwali takwas, ku rubuta kalma ɗaya daga littafin a kowanne, ku gauraya, ku ce ya nemo akuya, ya nemo gani, sannan ya jera su su ba da jimla. Kalmomin da ya gane a kwali sun zauna. Waɗanda ya kasa, su za ku sake zubawa a littafi na biyu, tare da sababbi biyar ko shida, kuma Nana da akuyarta su dawo, don ya riga ya san su. A wannan karon ku bar shafi na 12 babu rubutu a da'irar magana, ku ba shi fensir ya cike.